Makullin Kwatas Bayan Rasuwar Maigida

 

Sharhinmu na yau daga ƙasar Kunci zai taso, can arewacin Jihar Kano kusa da ƙasar Kazaure. Kunci ita ce ƙaramar hukumar da yanzu aka sauya wa suna zuwa Ghari. Wani zai ce me ya haɗa Kunci da gidajen gwamnati, alhali mutanenta manoma ne, kowa na kwana a gidan ubansa? 'Ya'yanta ne suka haɗa su. Ka shiga Shuwaki, ko Gwarmai, ko Matan Fada, da wuya ka fito ba a nuna maka gidan da ɗansu ke koyarwa a wani gari ba, ko yana aikin asibiti, ko ɗan sanda ne, ko soja, yana zaune da iyalinsa a ɗakin da hukuma ta ba shi. Ran da irin wannan ɗa ya rasu, gawarsa ce ke fara dawowa gida. Bayan 'yan watanni, wani lokaci ma 'yan makonni, sai a-kori-kura ta biyo baya da katifu da tukwane da marayu.

A gidanmu na ga wannan. Ɗan baffana, wanda nake kira Yaya, malamin lissafi ne a wata makarantar sakandare ta kwana. Shekara 19 ya yi a kwatas ɗin makarantar, ɗaki biyu da falo, da ɗan tsakar gida da ya kewaye da langa-langa da kuɗin aljihunsa. Darbejiyar da ke ƙofar gidan shi ya dasa ta, har ta yi inuwar da malamai ke shimfiɗa tabarma a gindinta bayan la'asar. 'Ya'yansa 6 duk a gidan aka raɗa musu suna. Ciwon kwana 4 ya ɗauke shi. Aka kawo shi ƙauye aka yi masa sutura, aka share makoki, matarsa ta koma kwatas domin ta yi takaba a ɗakinta.

Kwana 2 bayan sadakar arba'in na kai musu buhun gero. Ina zaune a gindin darbejiyar sai ga masinjan ofis da ambulan a hannu. Ya yi sallama sau biyu, kansa a ƙasa. Ya ce, "Hajiya, a yi haƙuri, aiko ni aka yi." Ta turo ƙaramar 'yarta ta karɓa, ta ce a miƙa mini. Daga bayan labule na ji muryarta: "Malam, duba mana, ko ta kuɗinsa ce ta fito?" Takardar da Turanci aka buga ta, layi 5. An ba wani malami gidan, ana so a miƙa makulli cikin mako 2.

Na tafi wajen shugaban makarantar da zafina. Na ce, "Ranka ya daɗe, takaba fa take yi, saura mata kusan wata 3." Bai yi mini gardama ba. Ya miƙe ya ce in biyo shi. Ya buɗe wani sito a bayan azuzuwa, ga karyayyun kujeru an jibge a gefe guda, ga tabarma da gidan sauro da risho a ɗaya gefen. Ya ce nan wani malami yake kwana wata 7 ke nan, matarsa da 'ya'yansa suna gidan surukansa suna jiran a ba shi ɗaki. Sannan ya faɗa mini maganar da ta sa nake wannan sharhi. Ya ce, "Malam, wallahi ba son raina ba ne. Amma in an tambaye ni daga sama, nuna mini inda aka rubuta in bar ta."

Na kasa nuna masa. A takardar da aka ba Yaya ranar da ya shiga gidan an rubuta lambar gida, an rubuta abin da za a riƙa cira a albashinsa, an hana shi kiwo, an hana shi sa ɗan haya. Ba a ambaci mutuwa ba ko sau ɗaya. Shugaban mutumin kirki ne, ya ɗauki abin a wuyansa, ya bar ta har ta fita takaba, Allah Ya saka masa da alheri. Amma har yau abin yana ci mini rai, domin da an dace da mai busasshen ido, da a rana ta 56 da rasuwar mijinta an fitar mata da kaya tsakar rana, kuma ba ta da takardar da za ta ɗaga.

Bari in faɗi abin da wasu dangin mamata ba sa son ji. Kwatas ba a gadonsa. Gidan da aka ba mutum saboda aikinsa, a makaranta ne, ko a asibiti, ko a bariki, na aikin ne, kuma wanda ya gaji aikin shi ke da haƙƙin ɗakin. Kayan aro ba ya rufe katara. Akwai kwatas a jihar nan da 'ya'yan mamaci suka zauna a ciki shekara da shekaru, wasu ma suka sa 'yan haya suna karɓar kuɗi, alhali ma'aikacin da ya kamata ya shiga yana kashe rabin albashinsa a kuɗin mota. Wannan ma zalunci ne, kuma shi ne yake sa shugabannin ma'aikatu suke gaggawar aiko takarda tun hawaye bai bushe ba, don gudun kada a yi musu kaka-gida. Malamin nan da na gani a sito bai yi wa kowa laifi ba.

Sai dai kalmar gidan gwamnati ta fi kwatas faɗi, kuma a nan rikici ya fi yawa. A birnin Kano muna da rukunin gidaje irin su Kundila da Gwammaja da Ja'oji da na titin Zoo Road, waɗanda gwamnati ta gina domin jama'a, da Hukumar Gidaje ta Jihar Kano da aka ɗora wa kula da irinsu. Muna da gidajen Shagari, na shirin da gwamnatin tarayya ta yi tsakanin 1979 da 1983 da niyyar gina gida 2,000 duk shekara a kowace jiha. Daga baya aka yi Danladi Nasidi a Mariri, aka yi Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo. Wasu daga cikin irin waɗannan gidaje da haya aka fara zama a cikinsu, sannan aka mayar da su na mallaka, mai zaune ya riƙa biya da kaɗan-kaɗan, wasu kuma tun farko sayarwa aka yi. A matakin tarayya ma haka aka yi: a 2003 gwamnatin Obasanjo ta fito da tsarin mayar da alawus-alawus kuɗi a cikin albashi, ta janye hannunta daga ba ma'aikata gida, kuma daga 2005, lokacin Nasiru El-Rufa'i yana ministan Abuja, aka shiga sayar da gidajen gwamnati na birnin, ma'aikatan da ke zaune a ciki aka fara yi wa tayi.

To, gidan da mutum ya biya kuɗinsa, ko ya biya wani sashe ya rasu, ya shiga tarikarsa. A nan babu maganar alfarma. Ragowar kuɗin bashi ne, ana biyan sa kafin a raba komai, sannan abin da ya saura na dukkan magada ne: matan su raba tumuninsu idan akwai 'ya'ya, iyayen mamaci in suna raye su ɗauki sudusinsu, 'ya'ya maza da mata kowa da rabonsa. Har Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda ta danƙa filaye a hannun gwamnoni, ta yarda cewa haƙƙin zama a fili yana komawa ga magada bisa dokar gadon da ta hau kan mamacin, wanda a wurinmu Musulmi shari'a ce, a gaban alƙali.

Amma me ke faruwa a zahiri? Ofis suna ɗaya ya sani, sunan da ke kan takardar alokeshan. Sai babban ɗa, wanda ya yi boko ya san hanyar ofis, ya ɗauki takardar shaidar rasuwa da fom ɗin da uban ya cike tun yana saurayi, inda ya sa sunansa ko sunan ƙaninsa a layin makusanci, ya je a juya gidan da sunansa. Uwargidan da ke ƙauye da 'ya'yanta mata ba su ma san an yi ba, sai ran da dillali ya kawo mai saye. Jama'a, sunan da ma'aikaci ya rubuta a wannan layi na wanda za a tuntuɓa ne in wani abu ya faru. Bai mayar da shi magaji shi kaɗai ba, bai kuma soke rabon kowa ba. Ofishin da ya juya sunan gida ba tare da takardar rabon gado daga kotu ba ya sa hannunsa a cin dukiyar marayu, ko ya sani ko bai sani ba.

Yanzu in koma ga tambayar shugaban makaranta, nuna mini inda aka rubuta. Daga baya na kai maganar zauren wani malami da muke ɗaukar karatu a wurinsa, sai na tarar an rubuta, tun ƙarnoni da suka wuce, a littattafan da ake karantawa a zaurukan Kano kullum safiya.

Kowa ya san takaba wata 4 ce da kwana 10, mai ciki kuma sai ta haihu. Abin da ba kowa ya riƙe ba shi ne wurin da ake yin ta. A zamanin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, an kashe mijin wata sahabiya mai suna Furai'a 'yar Malik, 'yar'uwar Abu Sa'idul Khudri. Ta zo ta nemi izinin komawa cikin danginta, ta bayyana cewa mijin bai bar mata gidan da ya mallaka ba. Aka umarce ta da ta zauna a ɗakinta har wa'adin ya cika, ta kuwa zauna. Imamu Malik ya kawo labarin a Muwaɗɗa, kuma Sayyidina Usman ya yi hukunci da shi a zamanin halifancinsa. A kan wannan malaman Malikiyya suka gina cewa mai takaba tana da haƙƙin zama a gidan in na mijin ne, ko in haya ce ya riga ya biya. Ko masu bin mamaci bashi ne suka sa aka sayar da gidan, sai an keɓe kwanakin takabarta a cikin cinikin. Haka kuma a mazhabarmu haya ba ta mutuwa da mutuwar ɗan haya. In mutum ya biya shekara ya rasu a wata na 3, sauran wata 9 na magadansa ne.

Wani zai ce ai kwatas ba na miji ba ne, kuma kuɗinsa wata-wata ake cira, ba a biya gaba ba. Wannan ma ba a bar shi ba. Shehu Halil ɗan Ishaƙ, malamin Masar na ƙarni na 14, a Muhtasar ɗinsa da alƙalanmu suka dogara da shi tun kafin zuwan Turawa, ya kawo mas'alar matar sarki ko gwamna da makamancinsa, wanda ya rasu yana zaune a gidan mulki. Hukuncin shi ne wanda aka naɗa a gurbinsa ba zai fitar da ita ba har sai ta gama iddarta, ko da iddar ta yi tsawo saboda ana zaton ciki. Masu sharhi suka sa alƙali a cikin makamantan. Shehu Halil ya ware gidan da aka yi wa masallaci waƙafi domin liman, ya ba shi hukunci dabam. Ku duba yadda suka bi abin daki-daki. Gidan mulki shi ne kwatas na wancan zamani: na aiki ne, ba a gadonsa, sabon mai muƙami yana jira a waje, amma duk da haka aka ce ya jira. In matar sarki tana da wannan kariya a gaban sabon sarki, ban ga dalilin da zai hana matar malamin lissafi ko matar kofur samun ta ba. Jihar Kano ta ƙaddamar da shari'a tun shekarar 2000, muna da kotunan shari'a, muna da Hisba, muna da majalisar malamai. Abin mamaki ne a ce wannan hukunci bai sauko daga zaure ya shiga takardar kwatas ba. Ina roƙon malamanmu masu wa'azi a wannan tasha da sauran tashoshi su ɗauki mas'alar su bayyana wa jama'a, yadda suke bayyana abin da mai takaba za ta sa da abin da ba za ta sa ba. Muna yawan gaya mata kada ta kwana a wani gida. Ya kamata a gaya wa mai riƙe da makulli shi ma cewa kada ya fitar da ita.

Su ma waɗanda ba su san takaba ba sun zauna sun yanke wa abin ƙa'ida. A Ingila, inda ƙananan hukumomi ke da gidajen haya masu yawa, dokar gidaje ta 1985 ta ce in ɗan haya ya rasu, matarsa ko mijinta zai gaji hayar, ko kuma ɗan'uwa na jini da ya zauna tare da shi wata 12 kafin rasuwar. Amma sau ɗaya tak ake wannan gado, ba ya zarcewa zuwa jikoki. Da layin masu jiran gida ya yi tsawo, sai suka ƙara matse dokar a 2011, ta yadda hayar da aka ƙulla daga watan Afrilu na 2012 abokin zaman aure kawai doka ta tabbatar wa, sai in ƙaramar hukumar ta ƙara wani a yarjejeniyarta. Ana iya cewa sun tsananta, kuma su ma suna ta muhawara a kai. Abin da na ɗauka a wurinsu shi ne mace tana sanin matsayinta tun mijinta yana da rai, ba sai masinja ya tsaya a ƙofa ba. Mu ma dokokin haya na jihohinmu sun tanadi wa'adi ga ɗan haya na kasuwa, mai biyan shekara a ba shi sanarwar wata 6, mai biyan wata a ba shi wata guda, sannan a bi ta kotu. Wanda ya yi wa gwamnati bauta shekara 19 bai kamata iyalinsa su kasa samun ko kwatankwacin wannan ba.

Akwai kuma maganar da matar Yaya ta fara yi, ko ta kuɗinsa ce ta fito. Wannan tambaya ita ce gaɓar da ta fi ciwo. Hannun da ke karɓar makulli yana da sauri, hannun da ke biyan haƙƙin mamaci kuwa yana da nauyi, alhali duka na gwamnati ɗaya ne. A nan Kano, gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta ce ta tarar da bashin garatuti da haƙƙin mamata na kimanin Naira biliyan 48 lokacin da ta hau a 2023, ta kuma shiga biya kashi-kashi. Madalla da biyan. Amma a cikin wannan adadi akwai gidaje nawa da aka karɓi makullinsu tun shekaru, iyalan suna jiran kuɗin da za su kama haya da shi? Dokar fansho ta tarayya ta 2014 ta wajabta wa mai ɗaukar ma'aikata ya yi musu inshorar rai da ba ta gaza ninki 3 na abin da suke samu a shekara ba. Asusun gidaje na ƙasa da aka kafa a 1992 yana cirar kashi 2.5 cikin 100 na albashin waɗanda ke cikinsa, kuma in mai zubi ya rasu kuɗin na iyalinsa ne. Mata da yawa ba su taɓa jin waɗannan ba, balle su nema. A ganina adalci a nan a fili yake: gwamnatin da mamaci ke bi bashi ba ta da bakin cewa a fita mata daga gida kafin ta biya. In tana son makullinta da wuri, ta gaggauta fayil ɗin.

To, ran da aka fita, ina ake zuwa? A nan ne Kunci ta shigo da gaske. Mutumin birni yana ɗauka ƙauye fili ne fetal, duk wanda ya dawo zai sami wuri. Wanda ya san ƙasar nan ya san ba haka ba ne. Tun daga Bichi har ka dangana da madatsar ruwan Gari, gona ce ke bin gona, kowane taku da mai shi. Iyaka gamba ce ko ɗan kututture, kuma an san ta kamar yadda aka san sunan yara. Ba a barin gona ta huta, taki ake kai mata a mangala ko a amalanke duk rani, a shuka gero da dawa, a rafa wake da gyaɗa a tsakani. Gandun da kakanmu ya noma shi kaɗai, iyayenmu su 5 suka raba, mu kuma muka sake rabawa, har ta kai wani kason sai ka tsaya a wannan gefe ka yi magana da na wancan gefe ba tare da ɗaga murya ba. A irin wannan ƙasa, wanda ya tafi aikin gwamnati ya bar gonarsa aro a hannun ɗan'uwa, bayan shekara 20 aron ya fara kama da mallaka, domin ɗan'uwan ne ya zuba mata taki, da ita yake ciyar da nasa 'ya'yan. Ɗakinsa na cikin gida kuwa an daɗe da yi wa wani yaro aure a ciki.

Haka muka tarar da aka sauke kayan Yaya. Baffa, tsoho mai shekara sama da 80, ya fito zaure yana dogara sanda, ya dubi kujerun falo da firji da aka jera a ƙofar gida inda babu wutar lantarki, ya dubi jikokinsa 6, ya ce da ƙanin marigayin, "Kai, a kwashe buhunan da ke ɗakin ajiya, su kwana a nan tukuna." A ɗakin ajiya suka yi damina. Babu wanda ya ƙi su, kowa ya yi iya ƙoƙarinsa, wurin ne babu. Da kaka ta yi, uwar ta koma gidan iyayenta da ƙananan biyu kamar yadda aka saba, aka raba sauran 4 a tsakaninmu. Babbar, wadda saura mata zango ɗaya ta zana jarrabawar fita sakandare, shekara guda ta rasa kafin mu daidaita mata makaranta. Gonar ubansu sai da aka je gaban dagaci, aka kira dattawan da suka san iyaka, sannan aka tabbatar wa marayu da ita, kuma har yau gaisuwa tsakanin wasu gidaje biyu ba ta koma yadda take ba. Haƙƙinsa na aiki ya fito bayan shekara 3, lokacin kuɗin ya riga ya zube daraja.

Abin da nake nema ba mai tsada ba ne, ba ya buƙatar kwangila ko bulo ɗaya. Tun ran gini tun ran zane. A sa sakin layi a kowace takardar ba da gidan gwamnati, da Hausa da Turanci, cewa in mai gida ya rasu iyalinsa za su zauna har matarsa ta fita takaba, mai ciki har ta haihu ta yi arba'in, kuma ba za a karɓi makulli ba sai an biya haƙƙinsa ko an ba su kuɗin hayar shekara daga ciki. In akwai yara a makaranta, a bari zangon karatu ya ƙare. Wanda ba Musulmi ba a ba iyalinsa wa'adi daidai da wannan, domin maraici ɗaya ne. Bayan haka kuma a rubuta ranar fita ƙarara, a tsaya a kanta, don malamin da ke sito shi ma ya san ranar da zai ɗauko iyalinsa. Shugaban ma'aikata na jiha zai iya fitar da wannan a takardar umarni guda. Shugabannin ƙananan hukumomi 44 za su iya yin haka a kwatas ɗin asibitocinsu da makarantunsu. In ana so ya dawwama, 'yan majalisar jiha su mayar da shi doka, kuma zan so a ce mai wakiltar Kunci da Tsanyawa ne ya fara miƙewa da ƙudirin. Ƙungiyar malamai da ta ma'aikatan lafiya da ta ƙwadago, waɗanda ke zama da gwamnati a kan ƙarin albashi, su sa wannan a cikin takardar buƙatunsu, domin kowane mambansu yana da ranar da za a kawo wa iyalinsa ambulan.

Ga hukumar gidaje kuma, kada a juya sunan gidan mamaci sai da takardar kotu mai ɗauke da sunayen dukkan magada. In gidan bai rabuwa, kamar yadda ɗaki biyu ba zai rabu tsakanin mutum 14 ba, alƙali ya sa a yi masa kuɗi. Ina kuma roƙon manyan 'ya'ya da suka riga suka kama ƙasa su yi wa ƙannensu haƙuri, a jinkirta sayarwa da yardar kowa har ƙananan su tasa, domin tumunin da za a miƙa wa uwarsu, balle in su biyu ne ko uku, ba zai riƙe mata ɗaki a birnin Kano shekaru masu yawa ba.

Kai kuma ɗan'uwa ma'aikaci da kake saurarena a falon kwatas, ko a cikin mota kana komawa gida, na san albashin bai isa ba, na san buhun siminti ya fi ƙarfin mai ƙaramin mataki. Duk da haka, in ka je gida hutun nan, ka zauna da 'yan'uwanka a gaban mai unguwa a rubuta cewa gonarka aro ce, a sa shaidu. Ka roƙi baffanka ya nuna maka inda za ka ɗora ko ɗaki ɗaya na ƙasa, ka sa masa kwano a hankali. Ka koma ofis ka duba sunan wa ka rubuta a fom shekarun baya, ko yana raye, ko mai amana ne. Sannan a daren nan ka ɗauko takardar gidan da kake ciki, ka karanta wa uwargida da amarya tare, ka fassara musu ita, ka gaya musu ko kwatas ne, ko haya, ko na biya da kaɗan-kaɗan, da nawa ka biya, da nawa ya saura, ka kuma nuna musu jakar da rasit suke ciki.